Ɗura ba ta ƙosar da yaron da haɗiya ke yi wa wuya

Ƙannena mata masu goyon fari, da ku angwaye da kuke ganin ciyar da yaro harkar cikin gida ce da ba ta shafe ku ba, ku ba ni aron kunnuwanku. Akwai yaran da haɗiya take yi wa wuya, wasu tun daga haihuwa, wasu bayan wata doguwar jinya, kuma ɗana na fari yana cikinsu. Na daɗe ina ɗaukar abin ƙin abinci ne da taurin kai, ina yi masa maganin da muka gada, wato ɗura. Huhunsa ne ya sha wahalar wannan rashin sani nawa, shi ya sa nake so ku ji tun yanzu.

Shawara ce ta kama shi a satin haihuwa. Idanunsa suka yi ɗorawa, aka ce a riƙa shanya shi a hantsi ana ba shi ruwan gulukos. Ko da muka isa asibiti aka sa shi ƙarƙashin shuɗiyar fitila, ciwon ya riga ya taɓa ƙwaƙwalwa. Wuyansa bai tsaya da wuri ba, zama ma ya jinkirta. Duk larurar da ta taɓa ƙwaƙwalwar yaro tana iya taɓa haɗiyarsa: doguwar naƙudar da jariri ya fito bai yi kuka ba, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro mai sa jijjiga da suma. Haka ma bakwaini, da wanda aka haifa da tsagaggen leɓe ko ganɗa. Idan ɗanki yana cikin waɗannan, ki sa ido a kan cin abincinsa kafin ma matsala ta nuna kanta.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne yadda wuya yake. Hanyoyi biyu ne a ciki, ta iska a gaba mai zuwa huhu, ta abinci a bayanta mai zuwa ciki, kuma mashigarsu ɗaya ce. Duk lokacin da mutum zai haɗiye wani abu, numfashi yana ɗan tsayawa, maƙogwaro ya ɗaga sama, wani ɗan marfi ya rufe hanyar iska, sannan lomar ta wuce. Mai lafiya ba ya ma sanin ana yi. Yaron da tsokokin bakinsa da harshensa ba su da ƙarfi, ko ba sa aiki tare, marfin nan yakan makara, sai koko ya bi hanyar iska.

To ku dubi ɗura. A kwantar da yaro a cinya, kai ya karkata baya, a tara tafin hannu a bakinsa a zuba koko, idan ya datse baki a toshe masa hanci. Me ya sa yake buɗe bakin? Iska yake nema. A daidai lokacin da ya ja numfashi, a lokacin kokon yake kwararowa. Ga kuka, wanda shi ma a buɗe yake barin hanyar iska. Ga kan da aka tanƙwara baya, wanda shi ne ainihin yadda ma'aikatan asibiti suke yi idan suna so su buɗe wa mutum hanyar numfashi. Yaro mai ƙoshin lafiya ma ɗura tana iya hallaka shi, balle wanda haɗiyarsa take da rauni.

Surukata ce take yin yawancin ɗurar, kuma Allah ya sani da ƙauna take yi. Tana ganin jikanta yana ramewa, ba ta iya zuba ido. Ni kuwa kunyar ɗan fari ta ɗaure mini baki. Ina jin yadda yake tari har fuskarsa ta canja, zuciyata tana bugawa, amma ina tsoron a ce na cika rawar jiki a kan ɗa. Ran da na yi ƙarfin hali na ce, “Hajiya, ina ganin kamar ƙwarewa yake yi,” sai ta ce, “Ke yarinya ce. Da haka muka raini ubansa, ga shi nan garau.” Na yi shiru, daga baya ma ni da kaina na koyi yi. Kunya ado ce a wurinmu, ba na musu, amma ba ta wajaba a inda numfashin yaro yake sarƙewa ba. Abin da ya yi mini amfani daga baya shi ne na roƙi maigidana ya lallashi Hajiya ta raka mu asibiti, ta ji bayanin daga bakin likita. Tun daga ranar ita ce take hana kowa yi masa ɗura. Ki nemi hanyar ladabi irin wannan, amma kada ki jinkirta kamar yadda na yi.

Alamomin suna gabana kullum ban karanta su ba. Tari ko ƙwarewa duk lokacin shan ruwa. Murya ta koma kamar mai kurkurar baki bayan ya ci. Idanu su cika da ƙwalla ba tare da kuka ba. Abinci ya dawo ta hanci, ko ya tara shi a kumatu ya ƙi haɗiyewa. Dalalar miyau har riga ta jiƙe. Ciyarwa ɗaya ta wuce minti 30, ni na gaji shi ya gaji. Sannan zazzaɓi da saurin numfashi da suke tafiya su dawo. Nakan sayo maganin tari a kemis, idan ya tsananta a kwantar da mu a ce namoniya ce, a yi allurai a sallame mu, ba a jima ba mu koma. Ban taɓa gaya wa likita cewa yana tari wajen cin abinci ba, don ban ga alaƙar ba. Wata nas ce ta tsaya tana kallon yadda nake ba shi kunu a gadon asibiti, ta kira likita ta ce ya zo ya gani. Yanzu kusan kowa yana da waya mai kyamara: ki ɗauki bidiyon yaron yana ci yana sha, ki nuna a asibiti. Kuma ki sani wasu yaran ruwa yana shiga huhunsu ba tare da ko tari ba, don haka ciwon ƙirji mai yawan dawowa shi kaɗai ya isa a bincika haɗiya.

An kuma ba mu shawarar a kira wanzami ya cire masa beli, wai shi yake tare masa abinci. Wannan kam Allah ya tsare, maigidana ya ƙi. Beli ba ya hana haɗiya, yana ma cikin abin da yake taya rufe hanyar hanci lokacin da loma take wucewa, kuma yankan yana jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta ga yaron da dama ba shi da ƙarfi.

Da aka tura mu wurin mai koyar da magana da haɗiya, na zaci wani magani za ta rubuta. Sai ta ce in ciyar da shi a gabanta, ta gyara mini abubuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma gyaran nan shi ne maganin. Ta fara da zama. Ya zauna a miƙe, ƙugu ya lanƙwashe, ƙafafu su taka wani abu, kai a tsakiya, haɓa ta ɗan sunkuya ƙasa. Tun da ba ya iya zama da kansa, muka riƙa jingina shi a kusurwar ɗaki da matasai, daga baya kafinta ya haɗa mana 'yar kujera bisa awon da ma'aikacin gashin ƙashi ya bayar. Ni ma in zauna daidai fuskarsa, don idan na tsaya a kansa sai ya ɗaga kai ya kalle ni. Ƙaramin cokali, ba ludayi ba, loma kaɗan, a ɗora a kan harshe a ɗan danna, a jira ya rufe leɓe da kansa, kada a kankare cokalin a haƙoransa na sama. Ba a ƙara wata sai an ga maƙogwaro ya motsa. Bayan ya gama ya ci gaba da zama na kamar minti 30 kafin a kwantar da shi, a kuma goge masa baki da haƙora, don ragowar abinci da ƙwayoyin cutar baki su ne suke gangarawa huhu.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kauri. Ni a tunanina gwargwadon ruwa-ruwan koko gwargwadon sauƙin shansa, shi ya sa nake ta tsinka masa shi. Ashe ruwa tsagwaronsa shi ya fi gudu, shi ya fi saurin riga marfin nan. Ɗana kunu mai ɗan kauri, wanda yake zuba daga cokali a hankali, shi ya fi masa. Kuma tsinkakken koko ciki kawai yake cikawa, ba ya gina jiki. Aka koya mini in riƙa dama garin gero da waken suya da soyayyiyar gyaɗa, wanda ake kira Tom Brown, in tace da kyau, in ƙara ɗan mai ko madara ko ƙwai. Dankalin Hausa, kabewa, alale mai laushi, ayaba, duk a murƙushe su sumul. Abinci mai gauraye da ruwa da gudaji, irin fura da nonon da ba a dama sosai ba ko shinkafa a cikin romo, shi ya fi haɗari, don ruwan yana wucewa tun baki bai gama da gudajin ba. Gyaɗa ɗaiɗaiya, aya, gugguru da alewa mai tauri, a nesanta su gaba ɗaya. Amma kaurin da ya dace da ɗana ba lallai ya dace da naki ba, sai an duba shi. Akwai ma awon da ake yi da hoton asibiti, a ba yaro abinci mai ɗauke da wani farin sinadari a ga inda yake bi. Jariri kuwa kada ki kaurara masa nono ko madara da kanki.

A wata kwanciya da muka yi, likita ya ce a sa masa robar hanci mai kai abinci ciki. Na ƙi, na yi kuka, don a unguwarmu ana cewa wanda aka sa wa roba ya kusa tafiya. Jinkirin da na jawo ya ƙara masa rama. Da aka sa, huhunsa ya huta, nauyinsa ya fara hawa, ya samu ƙarfin koyon ci ta baki, daga baya aka cire. Idan aka kawo miki wannan shawarar, ki tambayi dalili da tsawon lokacin da za ta yi da yadda ake kula da ita, amma kada camfi ya yanke miki hukunci.

Ɗurar ta bar masa tsoro. Da ya hango cokali sai ya sandare ya kau da kai, kuma cire wannan tsoron ya fi gyara zama ɗaukar lokaci. Muka riƙa barinsa ya taɓa abinci da hannu, ya shafa a baki, ya ɓata jiki, ya zauna tare da mu lokacin da muke ci. Idan ya juya fuska a dakata, a sake gwadawa anjima. Ƙananan ciyarwa sau da yawa a rana sun fi babba guda ɗaya da ake gamawa da kuka. Aiki ne mai cin rai, uwa ita kaɗai ba za ta iya ba. Ku maza, ku koyi riƙe cokalin nan, ku ɗauki ko ciyarwar dare ce.

Ƙwararrun da suke duba haɗiyar yara ba su da yawa a ƙasar nan, amma a fara da sashen yara ko sashen gashin ƙashi na asibitin koyarwa mafi kusa, irin na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko na Sakkwato da Maiduguri, a ce a fili ana so a duba haɗiyar yaro. Tsagaggen leɓe da ganɗa ana ɗinke su, kuma ƙungiyar Smile Train tana ɗaukar nauyin aikin kyauta a asibitoci da dama a Najeriya. A riƙa kai yaro awon nauyi, a kuma auna damtsensa da tef ɗin nan mai launi: daga wata 6 zuwa shekara 5, ƙasa da santimita 11.5 tamowa ce mai tsanani, tana buƙatar cibiyar tamowa nan take, kuma a gaya musu yana da matsalar haɗiya kafin su ba shi abincin nan na leda da ake ba masu tamowa. Ki kuma roƙi nas ta nuna miki da hannu abin da ake yi idan abu ya shaƙe yaro. Jariri ana kifa shi a kan hannu, kai ya yi ƙasa, a buga tsakanin kafaɗunsa sau 5, idan bai fito ba a juyo shi a danna tsakiyar ƙirji sau 5, kuma ba a zura yatsa a lalubo abin da ido bai gani ba.