Neman abokin aiki a Gana: mai ofis ya ci kuɗinmu, mai bulo ya yi aikin

Har gobe in na tuna mutumin nan na Akara sai raina ya ɓaci wallahi. Ɗan ƙaramin kamfani gare mu a Faransa ni da abokina, muna zuba bango da totuwar karan wiwin masana'antu, wanda ba ya bugarwa, a kwaɓa ta da farar ƙasa da ruwa a danna cikin katako. A can ba sabon abu ba ne, tun 1986 aka gyara wani tsohon gida da ita a Nogent-sur-Seine, kuma Faransa ce kan gaba wajen nomansa a Turai. Bangon na tare zafi sosai, ni kuwa ɗan Maraɗi ne, na san azabar ɗakin bulon siminti da rufin kwano a watan Afrilu, shi ya sa hankalina ya koma Afirka.

Najeriya ba a ma magana, kai wa NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, bayanin wai naka ba ya bugarwa ka ga ikon Allah. Sai Gana, da ta yi doka a 2020 ta yarda a noma wiwin da sinadarinsa mai bugarwa, wato THC, bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba, amma da lasisin ministan cikin gida.

To a nan aka haɗa mu da mutumin nan na Akara. Ofis mai sanyi, kat da taye, hotunansa da manya reras a bango, kullum maganarsa ɗaya, lasisi ya kusa fitowa ranka ya daɗe, saura sa hannu kawai. Muka tura kuɗin bin takardu, muka ƙara na hayar gona. A Yulin 2022 kotun ƙolin Gana ta soke sashe na 43 na dokar, wanda ya ba da damar noman, ta ce majalisa ba ta bi ƙa'ida ba wajen saka shi. Mutumin ya samu mafaka, ya ce ai ka gani ba laifina ba ne. Da na matsa a kai ni gonar sai kwana-kwana, yau mota ta lalace gobe sarkin garin ya yi tafiya, ashe ba gona ba manomi, kotun ma ko ba ta yi hukunci ba haka za mu tashi a tutar babu. Majalisa ta gyara dokar a 2023, kuɗinmu dai shiru.

Abin da ya fi ƙona min rai, ko sau ɗaya bai tambaye ni injin da zai raba bawon karan da totuwa ba, ko inda za a samu farar ƙasa mai kyau. Wanda zai yi aiki da gaske nan yake fara tambaya. Kuma ɗauko totuwar daga Turai asara ce, ba ta da nauyi, kwantena ta cika fal kana biyan kuɗin jigilar iska.

Wanda ya yi mana rana wani dattijo ne mai buga bulo a zangon Kumasi, a masallaci aka haɗa mu. Ya damƙi samfurin da na zo da shi, ya murza, ya shinshina, ya ce ɗana wannan ba zai ɗauki rufi ba. Gaskiyarsa, ba ya ɗaukar nauyi, dole sai da ginshiƙai. Ya ƙara da cewa da damina yaushe zai bushe, nan ma ya kama ni, makonni yake ɗauka. Shi ne ya ce mu gwada karan rama tunda babu mai kama ka don ka noma rama, cikinsa kuma kusan iri ɗaya ne.

Yanzu duk wanda ya ce min yana da hanya a ma'aikata sai in ce muje in ga gona da ma'aikatanka tukuna, sisi ba ya fita sai lauyan da mu muka ɗauka ya ga takarda. Bangon gwajin ramar yana nan a bayan shagon Baba, gefe ɗaya ya ɗan tsage, yana ganin ruwa ne ya yi yawa a kwaɓin, za mu sake zubawa in iskar hunturu ta kaɗa.