Jegon da Na Yi a Winifeg Cikin Dusar Ƙanƙara

Yau kwanana huɗu da dawowa Jos, kuma har yanzu da hantsi nakan ɗauki kujera in zauna a tsakar gida don rana ta dake ni. Masu zuwa sannu da hanya tambayarsu ɗaya ce: "Hajiya, kin ga dusar ƙanƙara?" Na gan ta, na taka ta kwana 47, kuma wallahi ta ishe ni.

'Yata ce ta yi haihuwar fari a Winifeg, babban birnin Manitoba a Kanada, na tafi yi mata jego a farkon Janairu. Mun bi ta Akwanga da Keffi zuwa Abuja, jirgi ya kai mu Jamus, daga can sai Kanada. A saukar farko a Kanada aka ɓata mini rai. Na faɗa musu ina ɗauke da abinci, ban ɓoye komai ba. Jami'in ya ɗaga kilishin da na yo wa mai jego da 'yan yatsu biyu kamar ƙazanta, ya wurga a kwandon shara. Dokarsu ce ba a shiga musu da nama, na yarda. Amma yaron da na haifi kamarsa, ko kallona bai yi ba, balle ya ce in yi haƙuri. Kuka da daddawa da kanwa dai sun tsira.

Mu mutanen Jos muna taƙama da sanyi, tunda garinmu a kan tudu yake, wajen mita 1,200, har ƙanƙara takan zubo mana da damina. To wancan wani abu ne daban. Surukina ya tarye ni da wata ƙatuwar riga, ya ce, "Mama, saka wannan kafin mu fita." Ƙofa tana buɗewa na ja numfashi, na ji cikin hancina ya daskare. Motarsa ta nuna digiri 28 ƙasa da sifili. Da muka isa gida ya jawo wata waya daga gaban motar ya jona a bango, wai don injin ya kwana da ɗumi, in ba haka ba da safe ba zai tashi ba.

Makon farko dusar ta burge ni, ba zan ɓoye ba. Tana saukowa shiru kamar ana shiƙar auduga, gari ya yi fari fat. Sun kai ni The Forks, inda kogin Red da na Assiniboine suka haɗu, na ga mutane suna tafiya a kan kogi da 'ya'yansu, ruwan ya zama dutse. Na yi ta tasbihi.

Daga nan sai zaman ɗaki. Sanyin Jos fito da mutane yake yi: a kewaye kaskon garwashi, a cika teburin mai shayi, a yi hira har dare. Nasu kulle mutum yake. Ban buɗe taga ko sau ɗaya ba. Hita ta busar da leɓɓana har suka tsage, na yi haɓo sau biyu. Rana takan fito tas bayan ƙarfe takwas, amma babu ɗigon zafi a cikinta, kuma kana idar da La'asar ka ɗan juya sai Magariba, wajen ƙarfe biyar duhu ya rufe. Wankan jego babu itace, babu tukunya, babu ganyen darbejiya, sai ruwan famfo a baho. Ranar suna mutum tara suka zo, kowa ya tsaya a bakin ƙofa yana kokawar cire takalmi. Ragon ma a nan Jos aka yanka, muka kalla ta waya. Ranar na shiga ɗaki na yi kuka, don na tuna sunan uwar yaron, yadda layinmu ya cika har mota ba ta wucewa.

Surukina kuwa tausayi yake ba ni. Bayan Asuba zai ɗauki shebur ya kwashe ƙofar gida, motar share titi ta zo ta turo masa wani tudun, gobe kuma a sake. Akwai maƙwabcinsu, dattijo ɗan asalin Filifin, Allah Ya saka masa. Da ya ji an yi haihuwa, duk ranar da ta zuba da yawa sai ya turo injinsa ya share mana har bakin titi, ko ruwan shayi ba ya karɓa. Matarsa ta saƙa wa jariri bargo da hannunta.

Tsada kam sai a hankali. Doya guda ɗaya a shagon 'yan Afirka dala 15. Tumatir huɗu a leda, manya amma lami, na tuna kwandunan kasuwar Farin Gada ta Jos. Abu ɗaya na samu da araha, takalmin sanyi a shagon gwanjonsu dala 20, mai kyau kamar sabo. Sai dai ba a tayi irin na kasuwarmu ta Katako, kuma kana zuwa biya su ɗora harajin da ba a rubuta a jikin kayan ba. Wannan ban ga adalcinsa ba.

Da aka yi arba'in 'yata ta ce, "Umma, ki bari sai Afrilu, lokacin ta narke, ki ga garin da kyau." Na ce mata ba zan iya ba. A lokacin dusar gefen titi ta koma baƙa, duk yashi da hayaƙin mota.

Dawowa ban tsaya kallon komai ba. Zafin Abuja ya tare ni, na yi hamdala. A Hawan Kibo na ce direba ya sauke gilashi duka. Ɗazu 'yata ta kira ni, jariri lafiya lau, amma jiya da dare dusar ta sake zubowa, mijin yana waje da shebur.