Batir ba ya faɗin gaskiya sai an ɗora masa kaya

Sana'armu a nan Kano ita ce gwajin baturan ajiya na ƙarafan sabis, wato baturan dalma da ruwan asid waɗanda ke riƙe na'urorin sadarwa daga lokacin da aka ɗauke wuta har janareta ya tashi. Wutar waɗannan wurare volt 48 ce, don haka akan jera batura huɗu masu volt 12 a layi ɗaya, ko ƙwayoyi 24, wato batura masu ɗaki ɗaya, kowace mai volt 2, caja kuma tana riƙe layin a kusan volt 54 dare da rana. A nan ne masu kwaikwayon aikinmu ke cin kasuwa. Mutum ya zo da 'yar mitarsa ta aljihu, ya ɗora a kan kowane batir alhali caji na shiga, ya ga 13.5, ya rubuta cewa komai lafiya, ya karɓi kuɗinsa. Wutar caja ya auna, domin ko batirin da ya kusa mutuwa yana iya nuna wannan adadi.

Na koyi wannan tun ina yaron shago a wurin maigidana mai cajin batirin mota, lokacin da muke zuƙo ruwan kowace ƙwaya da bututun gilashi don auna kaurinsa, kuma babu wandona ɗaya da asid bai huda ba. Idan na ce masa batir ya cika, sai ya tambaye ni wane kaya na ɗora masa, wato wane abu mai jan wuta na haɗa shi da shi. Baturan ƙarafan sabis na yanzu galibi a rufe suke, babu ruwan da za a zuƙo, amma tambayarsa tana nan daram.

Mukan fara da ido da hannu, mu duba kumburi a gefen batir, da farin gishirin da ke taruwa a kawunansa, da noti mai sako-sako wanda ke sa waya ɗumi. Daga nan mu auna turjiyar cikin kowane batir, wato yadda cikinsa ke tare wa wuta hanya, mu kwatanta da 'yan uwansa na layi, saboda batir ɗaya mai rauni ya isa ya durƙusar da sauran ukun. Gwajin ainihi shi ne mu raba layin da caja mu haɗa shi da na'urar jan wuta: batir mai amfiya-awa 150 ya kamata ya bayar da amfiya 15 har awa 10 kafin ya sauka zuwa volt 10.8, idan kuwa ya kai nan kafin awa 8, ƙarfinsa ya gaza kashi 80 cikin 100 kuma lokacin canza shi ya yi. 'Yan kwangila sukan yi ta taya wannan aiki kamar tumatir a Yankaba, suna cewa mai mita ya yi musu a rabin kuɗi cikin minti goma.

Zafi ne babban mai cin batir a ƙasarmu. Kamfanonin da ke ƙera shi suna lissafin shekarunsa ne a kan digiri 25, kuma ƙarin digiri 10 na rage rayuwarsa da kusan rabi, mu kuwa a watan Afrilu mun wuce digiri 40 a inuwa, balle cikin akwatin ƙarfe da fankarsa ta toshe da ƙurar hunturu. Ga kuma dillalai masu wanke tsofaffin batura su manna sabon tambari. Wani ya taɓa kawo mana lodi guda yana rantsuwa cewa daga kwantena suka fito, ina ɗaga na farko na ji bai kai nauyin da ke rubuce a takardarsa ba. Muka ɗora su a sikeli ɗaya bayan ɗaya a gabansa, sannan muka haɗa huɗu da na'urar jan wuta, ba su yi awa biyar ba suka faɗi.