Rigar auduga a cikin kogo

Makon jiya na mayar da makullin ɗakin kayan ƙungiyarmu ta masu shiga kogo. Shekara huɗu ke nan da na cike fom, na biya kuɗin shekara da na inshora, aka ba ni aron hular kwano mai fitila. Ina shirin tafiya wani sabon shiga ya tambaye ni abin da na koya. Na ce ya nuna mini rigar da ya sa ta ciki.

A fitata ta uku abin ya faru. Mu biyar ne. Kogon yana da rami da ake sauka da igiya, sai wani lungu da ake jan ciki a cikin ruwa. Ni kuwa rigar auduga na sa a ƙarƙashin kayan aiki. Auduga in ta jiƙe a kogo ba ta bushewa, ga shi ruwa yana zuƙe ɗumin jiki kusan sau 25 fiye da iska. Kafin mu fita lungun haƙorana sun fara kaɗawa. Na yi gum, wai kada a ce sabon shiga rago ne. Da muka juyo aka zo hawa, yatsuna suka ƙi buɗe ƙarfen da ke cizon igiya. Ina kallonsu kamar na wani. Sai da aka lulluɓe ni da bargon gaggawa, aka kunna mini kyandir a ciki, sannan aka jawo ni sama da igiya ta biyu.

Ƙa'ida ce a bar wa wani a waje lokacin dawowa, in ya wuce bai ji ɗuriyarku ba ya kira masu ceto. Mun ce ƙarfe 6. Mun fito 8 da rabi, muka tarar da 'yan sa-kai sun baro iyalansu suna ɗaura kaya a bakin kogo. Ba wanda ya ce mini uffan. Da ma zagina suka yi.

A taron ƙungiya jagoran tafiyar ya karanta rahoto, ya ɗora mini laifin kaf. "Kai ba ka da baki ne da za ka ce sanyi ya kama ka?" Gaskiya ce, na haɗiye. Abin da bai karanta ba shi ne, shi ya duba kayana da safe, ya ƙirga fitiluna uku, ya ga wuyan rigar ya wuce. Shi ya kai mutumin da sau biyu kacal ya taɓa shiga ƙarƙashin ƙasa kogon ruwa, don kawai ya ƙarasa awon taswirarsa. Laifi tudu ne.

Wata shida ba a sa sunana a fitar igiya ba, sai wankin laka. A bakin baho na koyi bin igiya da yatsa taku-taku ina neman inda dutse ya ci ta. A nan na san ba don tsabta kaɗai ake wanke kaya ba: cutar farin hanci da aka fara gani a jihar New York a 2006 ta kashe miliyoyin jemagu, kuma ƙwayarta na iya bin takalmi daga kogo zuwa kogo.

Sauran darussan ba su da tsawo. A duba hasashen ruwan sama kafin a shiga, yara 12 da kocinsu da ambaliya ta rutsa da su a kogon Tham Luang na Thailand sun ishe mu misali tun 2018. A ƙulla bakin igiya kafin sauka. Kada a taɓa duwatsun da ke rataye, maiƙon hannu yana ɓata abin da ya yi dubban shekaru yana girma.

Daga baya na jagoranci fita da dama, ba a taɓa kira mana masu ceto ba. Ba na tambayar mutum ko yana jin sanyi, hannunsa nake kamawa.

Sabon shigan ya ɗaga riga. Auduga ce. Na buɗe jaka na ba shi tawa ta ulu, jagoran na can gefe yana ƙirga fitilu.