Abin da littafin Klosé ya koya mini a Khartum

Na tashi a Mai Wurno, a ƙasar Sudan, da sautin algaita a kunnena, shi ya sa a ranar da na fara riƙe kilarinet, wata irin sarewar Turawa, a Khartum na cika kumatuna da iska kamar yadda na ga masu busa suna yi a gida. Malaminmu, wanda muke kira Ustaz, ya taɓa kumatun da yatsa ya ce, “Ɗana, wannan sarewar ba ta son haka, daga ciki za ka turo iskar.” Sannan ya miƙo mini wani tsohon littafin koyon kilarinet da bangonsa ya rabu, na Hyacinthe Klosé.

An haifi Klosé a tsibirin Corfu a 1808, ya rasu a Paris a 1880, kuma ya shafe kusan shekara 30 yana koyar da kilarinet a babbar makarantar kiɗa ta Paris. A zamaninsa akwai sautukan da ba sa fita sai mai busa ya murɗe yatsunsa, ko ya zamar da yatsa ɗaya daga wannan maɓalli zuwa wancan, kuma ɗalibai sukan yi tuntuɓe a wurare iri ɗaya. Maimakon ya ɗora wa yatsun yaran laifi, sai ya duba sarewar kanta. Ya haɗa kai da maƙerin kayan busa Louis-Auguste Buffet, suka ari dabarar zobba masu motsi da Theobald Boehm na Jamus ya yi amfani da ita a wata irin sarewa dabam da kilarinet, suka sake tsara maɓallan tsakanin 1839 da 1843. Tsarin nan, mai maɓallai 17 da zobba 6, shi ne a hannun galibin masu busa a yau, ban da Jamus da Ostiriya inda suka riƙe nasu. Abin da ya daɗe yana ba ni mamaki shi ne sunan Boehm ake kiran tsarin da shi, alhali ba shi ya ƙera shi ba.

Wurin da ya fi ba ni wahala shi ne mahaɗar ƙananan sautuka da manya, inda kusan duk yatsu ke sauka a lokaci guda. Wata uku na yi ina tuntuɓe a wurin, har na fara zargin kaina da rashin baiwa. Da Ustaz ya karɓi sarewar ya haska ta da fitila, sai ga shi zafi da bushewar Khartum sun ƙanƙance fatar da ke toshe rami ɗaya, iska tana zurarewa.

Yanzu da nake koyar da yara a Omdurman, idan ɗalibi ya maimaita kuskure sau uku, nakan karɓi sarewarsa in busa da kaina kafin in ce masa uffan. A makon jiya na yi hakan da ta wata yarinya, sarewar lafiya lau take, don haka muka koma darasin farko na Klosé, sautuka masu tsawo, a hankali.