Kafin Ka Taɓa Ƙwaƙwalwar Motarka

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na je gaishe da yayata a Gyaɗi-Gyaɗi, sai na tarar da ɗanta na biyu zaune cikin motarsa, ƙofa a buɗe, kwamfuta a kan cinyarsa, wata waya kuma ta fito daga ƙarƙashin sitiyari ta shiga jikin kwamfutar. Ban buƙaci a gaya mini abin da yake shirin yi ba: lissafin ƙwaƙwalwar motar, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, zai sauya don ya ƙara mata ƙarfi. Na tambaye shi ko ya ajiye kwafin ainihin bayanan da motar ta zo da su, sai ya ce, "Kawu, ai yanzu abin ya yi sauƙi, minti goma an gama." Ko ɗago kai bai yi ba. Gabana ya faɗi, domin da irin wannan magana na kashe injin tawa motar.

A 2015 na sayi Golf 5 GTI 'yar Kwatano, ƙirar 2007, mai injin lita 2.0 da turbo, wadda kamfani ya fitar da ita da ƙarfin doki 200. Mota ce lafiyayya, ba ta taɓa ba ni kunya ba a hanyar Kano zuwa Kaduna. Amma na fara zama da masu wasan mota, kullum hirarsu ita ce cewa kamfani ya danne ƙarfin injin da gangan, kuma idan aka sauya lissafin da ke cikin ƙwaƙwalwar motar za ta kai kusan 250 ba tare da an kwance ko da noti ɗaya ba. Maganar tana da ƙanshin gaskiya, shi ya sa ta kama ni. Ƙwaƙwalwar ce take yanke yawan iskar da turbo zai tura, da yawan man da za a fesa, da lokacin da fulogi zai ba da wuta, kuma lallai kamfani yakan bar rata saboda zafi da rashin kyan mai da direban da ba ya kula da mota. Abin da ban fahimta ba a lokacin shi ne, wannan ratar da nake ganin asara ce, don irinmu aka bar ta.

Na fara neman ƙwararre, wannan kam zan faɗa don a yi mini adalci. An haɗa ni da wani a Abuja, na kira shi, ya ce ba zai taɓa ƙwaƙwalwar ba sai ya auna matsin kowace silinda, ya duba fulogogi, ya ciro wani ɗan ƙarfe mai kama da murfin kwalba da ke ƙarƙashin famfon mai ya ga ko ya cinye, domin sanannen rauni ne a wannan injin. Ya kuma ce da man da muke sha ba zai ba ni adadin da nake so ba. Kuɗin da ya yanka mini ya ninka kuɗin wayar haɗa kwamfuta da mota da fayil ɗin sabon lissafin sau da yawa. Na ɗauka dabarar cin kuɗi ce. Har yau ba na ganin laifina gaba ɗaya a nan, saboda kafin wannan wani bakanike ya taɓa karɓar kuɗin sababbin kaya ya mayar mini da tsofaffina bayan ya wanke su da fetur, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sannan ni ba baƙo ba ne a harkar mota, ni nake juye baƙin maina, ni nake canza burki. Duk da haka mutumin gaskiya ya gaya mini, na ƙi ji don ba ita nake son ji ba.

Na sayi waya, na sami fayil ta intanet daga wani da ban san ko a wace ƙasa yake ba, na cusa ta ramin nan mai fil 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. Motar ta tashi, kuma wallahi ta sauya. Idan na taka totur a giya ta uku sai ta manna ni da kujera. Na yi wata biyu ina jin cewa na fi kowa wayo. A cikin waɗannan watanni kuloci ya fara sulɓewa, na ce tsufa ne. Wani lokaci idan na matsa mata da rana nakan ji wata 'yar ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a cikin gwangwani, sai in ƙara sautin rediyo.

Wannan ƙarar ita ce komai. Fayil ɗin an rubuta shi ne don man Turai mai lamba 98 a ma'aunin ingancin fetur da kuma iska mai sanyi, ni kuwa ina zuba man gidan mai na kan hanya, wanda bai kai wannan matsayi ba, a garin da zafi yake haura digiri 40 a watan Afrilu, ga ƙurar hunturu da ta toshe matatar iska. A irin wannan hali man da ya rage a cikin silinda yakan fashe da kansa maimakon ya ƙone a hankali, sai ya riƙa dukan kan fistin kamar guduma. Motar tana da na'urar da ke jin wannan duka ta ja lokacin wuta baya, amma akwai iyakar abin da za ta iya gyarawa. Ɗan ƙarfen nan da mutumin Abuja ya ambata kuma ashe ya riga ya ɓule, man da ke isa injin ya ragu a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. Da na taɓa haɗa kwamfutar na ɗauki bayanan injin yayin tafiya, da na ga duk wannan a rubuce. Wayar tana hannuna, amma iya zubawa kawai na koya, ban koyi karantawa ba.

Wata rana da azahar, bayan na wuce Kwanar Ɗangora, na fito zan wuce tirela, sai injin ya yi wata irin girgiza, hayaƙi ya turnuƙe daga salansa, ƙarfi ya ɗauke alhali ina gefen tirelar kuma ga mota tana tahowa. Allah ne ya tsare, ƙanina yana kujerar gaba. Janwe ce ta mayar da mu Kano. Da aka buɗe injin a gareji, bakaniken ya ɗora mini fistin na uku a tafin hannu, gefensa ya ɓantare, samansa ya yi roɗi-roɗi kamar an yayyafa masa yashi. Na yi mako uku ina zarya a Kofar Ruwa ina neman inji, abin da na kashe kuma ya ninka kuɗin ƙwararren nan sau huɗu ko fiye.

Na zauna da niyyar rubuta wa matasa shawarwari masu yawa, amma da na duba sai na ga ba su da yawa. Kada ka zuba wa motarka fayil ɗin da aka rubuta ba tare da an ga motar ba. Idan dole sai ka ƙara mata ƙarfi, ka biya wanda zai auna ta kafin aiki da bayan aiki, ya ajiye maka ainihin bayananta, ya tambaye ka inda kake shan mai. Wanda bai yi maka wannan tambayar ba, ɗauki makullinka ka tafi. Sai dai dole in faɗa cewa da yawa daga cikin masu kiran kansu ƙwararru a yau fayil ɗin intanet ɗin nan suke zubawa su karɓi kuɗi mai kauri, don haka biyan kuɗi kaɗai ba ya tsare kowa. Wani lokaci ma nakan ga gara mutum ya koya da kansa, ya fara da karatun bayanan inji na tsawon shekara guda kafin ya sauya ko da lamba ɗaya. To amma wane matashi ne zai yi wannan haƙurin yanzu? Yaran da ba sa iya kallon bidiyon minti biyar har ƙarshe, waɗanda ba su san ranar da aka juye baƙin man motarsu ba, tayoyinsu sun suɗe, burkinsu yana kuka, amma burinsu salansa ta riƙa harbi a wurin ɗaurin aure don a ɗauke su a waya. Ga irin waɗannan shawarata ita ce su bar motar yadda kamfani ya yi ta.

Ɗan yayata dai na zare wayar da hannuna na sa a aljihu, na ce ya zo gida ranar Juma'a ya karɓa. Ya ɓata rai, ya ce motarsa ba irin tawa ba ce, kuma ta yiwu yana da gaskiya a wannan. Fistin ɗin nan yana nan a cikin durowata, shi zan fara miƙa masa kafin wayar.