Karanta "A Man of the People" da biro da takarda a gefe

Littafin ƙagaggen labari na huɗu da Chinua Achebe ya rubuta, A Man of the People, siriri ne, babi 13 kacal, mai saurin karatu zai gama shi a yini biyu. Na sha bin sa da ɗalibai da kuma manya masu sha'awar adabi, kuma kusan kullum abu ɗaya ke faruwa. A karatun farko kowa zai tashi yana tsine wa Cif Nanga, yana tausaya wa Odili. Wanda ya tsaya nan bai ci ko rabin moriyar littafin ba.

Labarin a bakin Odili Samalu yake, matashin malamin sakandare a garin Anata, cikin wata ƙasar Afirka da ba a faɗi sunanta ba. Tsohon malaminsa na firamare, Cif Nanga, ya zama Ministan Al'adu. Ya gayyace shi gidansa a babban birni, Bori, da alkawarin nema masa gurbin ƙaro karatu a waje. A gidan nan ministan ya kwana da Elsie, budurwar da Odili ya kawo. Daga nan Odili ya shiga sabuwar jam'iyyar abokinsa lauya Max, ya tsaya takarar kujerar Nanga, ya kuma shiga neman Edna, yarinyar da Nanga ya biya wa kuɗin makaranta don ya yi wa uwargidansa kishiya da ita.

Hanyar da ta fi yi mini aiki ita ce raba littafin zama huɗu, babi uku ko huɗu a kowane zama, kowa da takarda da aka ja wa layi gida uku: wa ya bayar, wa ya karɓa, da wane suna aka kira abin. Gida na ukun shi ne ƙashin bayan aikin, domin da wuya ka ji wani a littafin ya kira cin hanci da sunansa.

Shafin Nanga shi ke fara cika. Akwai manyan motocin bas 10 da wani kamfanin Turawan Ingila ya ba shi bashi ya riƙa biya sannu a hankali, ga shi kuma ya matsa lamba a shimfiɗa kwalta a hanyar da motocin za su bi kafin zaɓe. Akwai bene mai hawa huɗu da kamfanin gine-gine ya gina masa bayan ya sami kwangilar gwamnati, aka kira shi kyauta. Akwai fam 250 da takardar tallafin karatu da ya kai har gidan mahaifin Odili don yaron ya janye. Duk wannan ba ya ba kowa mamaki. Inda ɗaki ke yin tsit shi ne lokacin da sunan mutanen kirki ya fara shiga takardar. Max ya karɓi fam 1,000 daga hannun Minista Koko, ya ce zai yi kamfe da su ba tare da ya janye ba. Odili ya yi tir da haka, amma motar da yake yawo da ita da kuɗin jam'iyya aka saya, kuma a ƙarshe, da aka zo mayar wa Nanga abin da ya kashe a kan Edna, cikin kuɗin jam'iyyar da suka rage a hannunsa ya ƙudurta zai ɗiba, ya kira shi aro. Gwano ba ya jin warin jikinsa.

A nan nake ganin gwanintar Achebe. Ya danƙa mana labarin ta bakin mutumin da ba za a saki jiki da shi ba, kuma bai ɗaga mana tuta ba. Nakan sa masu karatu su nemo ranar da Odili ya fara ƙyamar Nanga da gaske. Za su ga cewa a daren farko da ya kwana a gidan nan mai banɗaki bakwai, shi da kansa ya amsa cewa da shi ne minista da ba zai so ya sauka ba. Kishin ƙasa bai motsa shi ya tsaya takara ba sai da aka taɓa masa mace. Haka neman Edna, da niyyar ramuwa ya fara shi, so ya biyo daga baya. Shi ya sa abin kunyar da aka yi a ɗakin kwana da rikicin akwatin zaɓe ba sa rabuwa a littafin, igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

Babin da na fi daɗewa a kai shi ne na Josiah mai kanti, wanda ya yaudari makaho mai bara, Azoge, ya musanya masa sanda don ya haɗa asirin jawo ciniki. Ƙauyen gaba ɗaya ya ƙaurace wa kantin har ya rufe. Tambayar da nake jefawa ita ce, me ya sa mutanen da suka durƙusar da Josiah a kan sanda ɗaya suke yi wa Nanga rawa da harbin bindiga? Amsar tana cikin littafin: dukiyar ƙauye tana da mai ita, yana gani idan an wuce gona da iri, dukiyar gwamnati kuwa an ɗauke ta marar uba. Sai a haɗa da bututun ruwan famfo da aka jibge a ƙauyen su Odili, aka kwashe da suka nuna suna bayansa, aka mayar da wani sashe da suka sauya ra'ayi. Idan ɓera na da sata, daddawa ma na da wari, amma Achebe bai ɓoye cewa mai ƙishirwa ba shi da zaɓi da yawa ba.

Abubuwan da ke ɓata karatun ba su da yawa. Turancin buroka da Nanga da masu aikin gida ke yi yakan sa wasu su tsallake hira, alhali a nan ake jin farin jinin mutumin. Maganinsa a karanta da murya, ma'anar takan fito da kanta. Wuraren da suka shafi kwanciya kan sa wasu jin nauyi, musamman idan maza da mata ne a zaune, don haka nakan ce a karanta su a gida, a zo a tattauna abin da suka haifar. Sai masu son laƙaba wa kowane ɗan wasa sunan wani ɗan siyasar Jamhuriya ta Farko. Da an buɗe wannan ƙofa zaman ya koma gardamar ɓangaranci, littafin kuma a ajiye shi gefe.

Mafi wuya shi ne ƙarshen. An lakaɗa wa Odili duka a taron Nanga, yana asibiti aka yi zaɓe, Nanga ya wuce ba hamayya. Motar mutanen Koko ta take Max, budurwarsa Eunice ta harbe Koko nan take, daga bisani soja suka karɓi mulki, aka kama Nanga cikin kwalekwale da shigar masunta. Littafin ya fito a Janairun 1966, kwanaki kaɗan tsakaninsa da juyin mulkin 15 ga watan, wanda aka kashe Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa a cikinsa. Mai karatu ɗan Arewa ba zai wuce wannan shafi da sanyin rai ba, kuma zargin cewa Achebe ya san da shirin ya taso tun a lokacin, har zaman Legas ya gagare shi. Abin da nake yi shi ne mu koma kan shafukan ƙarshe mu karanta a hankali. Odili da kansa ya ƙi yarda cewa fushin talakawa ne ya kayar da gwamnati. 'Yan bangar da aka sallama bayan zaɓe ne suka shiga wawashe kasuwanni har abin ya gagari kowa. Mutanen da suka yi wa Nanga tafi jiya su ne suka wayi gari suna kiransa ɓarawo, kuma ba wanda ya tambaye su ina suke a da.